Yadda Aka Mai da Gwaggona Namiji

Shekaru da dama ke nan da faruwar wannan al'amari, kuma yawancin dattawan da ya shafa sun riga mu gidan gaskiya. Ina ganin yanzu babu laifi in ba ku labarinsa yadda ya faru.

Kamar yadda wasunku suka sani, aikin ajiyar takardu na yi a wata makarantar sakandare a nan Kumasi har na yi ritaya. A zango, unguwar Hausawa da sauran baƙi, aka haife ni, amma mahaifina ya tura ni Nijeriya karatu, na dawo da wata cuta da har yau ba a samo maganinta ba: ba na iya jin an ce wa mace "ya zo" in yi shiru. Wanda bai san zangonmu ba zai yi mamakin wannan magana. A nan Hausa ta kowa ce. Dagomba da Moshi da Farafara da Zabarmawa da ita suke ciniki, da ita suke faɗa, da ita suke neman aure, kuma a bakin yawancinsu "ya" da "shi" sun wadatar da namiji da mace. Mutum zai tare ka da fara'a ya ce matarsa "ya haihu", ka yi masa barka, kowa ya kama gabansa. Ni kaɗai ne nake tsayawa gyara, a wajen suna, a wajen ɗaurin aure, har a layin koko. Dalilin da ya sa ke nan taubashina, ɗan gwaggona, ya laƙaba mini "Malam Ta", sunan ya bi ni har cikin masallaci.

Ita wannan gwaggo tawa, ƙanwar mahaifina, da shantu ta fara kamar sauran 'yan matan gidajenmu a wajen biki. Ta auri wani makanike na Magazin, babbar unguwar gyaran motocin nan ta Suame, mutum mai sanyin hali wanda kowa ke kira Masta. Wata rana wasu makaɗa 'yan Takoradi suka kawo masa motarsu. Da za su tafi suka bar masa wata babbar jita mai kaurin murya, irin wadda ake kira bes, domin wuyanta ya tsage, sun ce ba ta da sauran amfani. Shi kuwa makanike bai yarda akwai abin da ba ya gyaruwa ba. Ya ɗaure wuyan da ƙarfe, ya kai gida ya jingine a bayan ƙofa. Gwaggo ta ɗauka. Abin da hannunta ya saba yi wa shantu a kan cinya shi ta mayar kan tsirkiya, ba malami, ba littafi.

Ba a daɗe ba ta tara mutane. Ta ɗauko wani Badagombe mai walda a garejin mijinta ta ɗora shi a kan ganguna, ta samo masu jita, ta haɗa da wani Bazabarme mai goge da mai kalangu. Ba su da mawaƙin kansu, ba su kuma taɓa neman su yi ba. Aikinsu shi ne tsayawa a baya. Duk mawaƙin da yake da murya ba shi da makaɗa, wurinsu yake zuwa. Sun yi wa mai waƙar Hausa kiɗa, sun yi wa mai waƙar Tuwi, harshen mutanen garin nan, sun yi wa wata tsohuwa mai waƙoƙin gargajiya na arewacin ƙasar nan, har da wani saurayi mai tulin gashi da ke ihu da Turanci yana kwaikwayon kiɗan rok na Turawa. Idan aka buga faifai, hoton mawaƙin ne a bango, a ƙasa a rubuta "Wane da Yaransa". Magidanta masu iyali sun zama yaran wanda ba a daɗe da yaye shi ba. Wannan kaɗai ya isa ya ɓata mini rai, amma ba shi ne labarin yau ba.

Gwaggo ce ke sa lokaci, ita ke cewa wane ya shigo wane ya dakata, ita ke sallamar wanda ya makara. Saboda haka makaɗan suka fara kiranta Masta ita ma, da farko cikin raha, daga baya ya zama sunanta. Gida ɗaya, Masta biyu. A zango ba wanda ya taɓa rikicewa, domin kowa yana ganinsu da idonsa. Ni ma na gani: duk hutun da na zo gida nakan tarar da ita a tsakar gida da wannan jita a rataye, tana harare-harare.

Sannan zamani ya juya. Aka kawo fiyanon lantarki mai yin ganga da jita shi kaɗai, mutum guda ya maye gurbin ƙungiya. Makaɗan suka watse, kowa ya koma sana'arsa. Gwaggo ta sauke farali, ta dawo Hajiya, ta kama Islamiyya. Mijinta ya rasu. Maganar kiɗa ba ta sake fitowa daga bakinta ba, mu ma ba mu tayar ba.

Ana nan sai ga saƙon wani dattijon Bature daga Ostireliya. Shi ma, a ƙuruciyarsa, jita ya kaɗa a bayan mawaƙan rok da na gargajiyar ƙasarsu. Mawaƙa sun zo sun wuce ta gabansa, abokan kiɗa sun sauya, sunansa bai taɓa hawa bangon faifai ba. Da ya tsufa sai ya kama tara tsofaffin faya-fayai na ƙasashe. A cikin namu na Kumasi kunnensa ya kama wani abu: mawaƙa daban-daban, harsuna daban-daban, amma hannu ɗaya ne a kan bes. Ya ƙudura sai ya sake buga waƙoƙin, tare da ɗan littafi mai tarihin waɗannan mutanen baya da ba a taɓa ambata ba. Ya ɗauki wani Bakano, malami mai ƙarin karatu a jami'a a nan garin, ya bi ragowar makaɗan ya ji ta bakinsu.

Ban san ana wannan aiki ba sai da aka gama. Tsohon mai gangan nan, wanda shi ne babba a cikin waɗanda suka rage, ya aiko a ce mini za a karanta musu tarihin a gidansa da ke Krofrom bayan la'asar, in zo tunda ni mutumin takarda ne. Na tafi da babbar riga, ina jin daɗin an san darajata.

Bakanon nan mutum ne mai ladabi, Hausarsa kuwa kamar a wanke hannu kafin a taɓa. Ya fara karatu: "Masta na Magazin shi ne ya kafa wannan ƙungiya. Shi ya zaɓo makaɗan ɗaya bayan ɗaya, kuma shi ne mai kaɗa bes a dukan faya-fayan." Na ɗaga kai na dubi dattawan. Gyaɗa kai suke yi. Ɗaya har yana cewa, "Haka ne paa," wato ƙwarai. A kunnensu babu abin da ya karkace. Daga nan malamin ya zaro hoton da za a sa a shafin farko ya miƙa. Mijin gwaggo ne, da hularsa, ya jingina da tsohuwar motarsa. Mai ganga ya kai hoton kusa da idonsa, ya girgiza kai.

"Allah sarki, Masta!" in ji shi. "Allah ya jiƙan shi."

Kowa ya ce amin. Malamin ya yi murmushin wanda aka tabbatar wa aikinsa. Ni kuwa na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na miƙe tsaye, abin da ba a yi a gaban manya ana zaune a tabarma.

"A gafarce ni," na ce. Na juya wajen mai ganga. "Baba, Masta mai bes, namiji ne ko mace?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko akwai mota a Magazin.

"Kai Malam Ta, yau ma ka fara? Hajiya mana! Gwaggonka. Shi ne ya tara mu."

"To wannan na cikin hoton fa?"

"Wannan ai mijinshi ne. Wannan ko tafi bai iya ba koraa, ko kaɗan. In ya yi tafi sai Hajiya ya ce masa, Masta, don Allah je ka duba taya."

Dattawan suka fashe da dariya. Malamin bai yi dariya ba. Ya dubi takardunsa, ya dubi mai ganga, ya dafe kai yana salati. Ya ce ya zauna da kowannensu, ya naɗi maganarsu, kowa "Masta ya ce" yake faɗa, "Masta ya kore shi", "Masta ya koya mini". Da ya tambayi inda gidan Masta yake aka nuna masa shagon ɗansa a Dichemso, ya ce yana neman hoton Masta, ɗan ya ba shi wannan. Ban ga laifinsa ba, kuma har yau ban gani ba. Kunnen Kano ya kawo zango.

Na ɗauka magana ta ƙare, a goge a gyara. Sai ya ja ni gefe ya ce akwai matsala biyu. Ta farko, rubutun ya riga ya isa hannun Baturen, ana shirin kai shi maɗaba'a. Ta biyu kuma ta fi nauyi: ba zai rubuta sunan dattijuwa mai rai, Hajiya, a matsayin makaɗiya, ya watsa a duniya ba, sai da yardarta. In ta yarda zai tsayar da bugun. In ba ta yarda ba, iyalinta ne suka ba da hoton, a haka zai tafi.

Washegari na nufi Dichemso. Taubashina yana shagonsa na kayan gini, yana hango ni ya fara.

"A'a, Malam Ta! Yau wace akuya ce aka ce wa 'ya' ka zo ƙara?"

"Alhajin siminti," na ce, "ƙura ce ta toshe maka kunne, ko da gangan ka ba da hoton nan?"

Murmushin ya ɓace. Ya sallami yaran shagon, ya jawo mini kujera.

"Na sani," in ji shi. "Tun da mutumin ya buɗe baki na gane wanda yake nufi."

"Ka bar shi ya tafi da ƙarya?"

"Ban yi ƙarya ba. Hoton Masta ya nema, na ba shi hoton Masta. Allah ne ya rufa mana asiri da bakin Dagomba, kai kuma za ka zo ka tone da nahawu."

Na ce masa wannan ba rufin asiri ba ne, ƙwace ne: an ɗauke wa mace aikin rayuwarta tana raye. Ya ce ni Nijeriya aka kai ni, ban zauna a makarantar allo ana kirana ɗan makaɗiya ba. Ya ce yana da 'ya'ya mata da za su shiga gidajen mutane, kuma uwarsa ta wanke wannan suna da ruwan Zamzam. Ban raina maganarsa ba, domin na ga idonsa lokacin da yake faɗa. Amma na gaya masa cewa ni na yi rayuwata ina tsare takarda kada a sauya wa yaro harafi ɗaya a sunansa, ba zan zauna a sauya wa gwaggona jinsi ba.

"In ka taka gidan Mma da wannan magana," in ji shi, "babu sauran wasa tsakaninmu."

Duk wanda ya san taubasantaka ya san abin da wannan ke nufi. Na tashi na tafi gidan Mman.

Na tarar da ita tana tsintar wake. Na gaishe ta, na zauna, na kwashe labari na faɗa mata. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"To, sun mai da ni namiji? Da tun can suka yi haka ai da na huta da bakin mutane."

"Gwaggo, ba abin dariya ba ne. Kalma ɗaya za ki faɗa a gyara."

Ta ci gaba da tsintarta. Can ta ce, "Bar shi, ɗana. Bawan Allahn nan ya tafi, garejinsa ma an rushe an yi shaguna. Babu inda za ka je ka ga alamarsa. In littafi zai tafi ƙasar Turawa da hotonsa, a bar masa. Kyauta na ba shi."

A nan na gyara zama na yi mata lacca. Na yi maganar amanar tarihi, na yi maganar jikoki da tattaɓa-kunne, na yi maganar haƙƙin mata, na kawo misalai daga ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta tambaye ni ko na ci abinci.

Na koma, na sake komawa. Kowane zuwa da sabuwar hujja, kowace dawowa da cikina cike da tuwo, hannuna babu komai. Malamin yana kirana yana cewa Baturen na tambaya, ba zai iya riƙe bugun har abada ba. Matata ta ce mini tunda mai abu ta ce ta yafe, ni da ba a aike ni ba me ya yi mini zafi? Na ce mata mutum yana iya kyautar da gonarsa, amma ba ya iya kyautar da abin da ya faru.

Da hujjojina suka ƙare, sai na tuna abu ɗaya: duk wannan gardama, gwaggo ba ta taɓa jin rubutun ba. Abin da na gaya mata kawai ta sani. Na je na ce, "Gwaggo, alfarma ɗaya ta rage. Ki bari in karanta miki daga farko zuwa ƙarshe, ba zan ƙara ko kalma tawa ba. In kin ji kin ce a bar shi, na yi alkawari ba zan sake tayar da maganar ba har in mutu." Ban faɗi haka da wasa ba, domin na san kaina: in na yi alkawari sai na cika, ko da zai kashe ni.

Ta ce in zo da hantsi, in taho da malamin. Da muka isa muka tarar da taubashina ya riga mu, yana zaune a bakin ƙofar ɗakinta. Na gaishe shi, ya amsa kamar baƙo.

Na fara karatu. Malamin ya iya rubutu, dole in faɗa. Ya zana Masta yadda makaɗan suka ba shi: mutum mai zafi, wanda ke tsayawa can baya kusa da lasifika, ba ya murmushi. Harararsa kaɗai kan dawo da mai ganga kan hanya. Ya taɓa zare wayar jitarsa a tsakiyar wasa ya fice da mutanensa duka, ya bar wani shahararren mawaƙi yana ihu shi kaɗai, saboda mawaƙin ya zagi mai goge a gaban jama'a. Da farko gwaggo tana murmushi. A hankali murmushin ya tafi. Ta ajiye carbinta a cinya.

"Ci gaba," ta ce, duk lokacin da na ɗaga kai.

Na kai ƙarshe na rufe. Gwaggo ta ɗago kai.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Gwaggo."

"Ina wanda ya tuƙa motar?"

Na dubi malamin. Ya ce, "Hajiya, ba a ambata ba."

"Wanda yake ɗauko injin wuta a kafaɗa fa? Wanda yake zama a bakin ƙofa?"

"Babu maganarsa, Hajiya."

Ta miƙa hannu na ba ta hoton. Ta daɗe tana dubansa.

"Wannan da kuka karanta ba mijina ba ne," in ji ta. "Ni ce da hularsa. Mijina ko kaza bai taɓa harara ba."

Ta juya wajen ɗanta. Ban taɓa jin ta yi doguwar magana irin ta ranar ba, kuma ba da ni take ba.

"Kai, ka san inda kake kwana in ina kan kiɗa? A ƙirjin ubanka, cikin motar nan. Shi ke ba ka kunu. A Magazin suka sa masa mijin Masta, suka sa masa mai goyo. Wata rana suka ajiye masa zane a kan bencinsa don su ci masa fuska. Ya ɗauka, ya goya ka da shi, ya ratsa garejin daga wannan baki zuwa wancan yana gaishe su ɗaya-ɗaya. Yayana, uban wannan mai takardar," ta nuna ni da baki, "ya zo ya ce masa ko ya hana ni ko ya sake ni in koma gida. Ya dafa masa shayi, ya ce, Yaya, muddin ina bakin ƙofa, duk mai magana da ni zai yi."

Ban san wannan game da mahaifina ba sai ranar. Na sunkuyar da kai.

"Na ɗauka kyauta nake yi masa," ta ci gaba. "Ashe kun ba shi nawa, kun zubar da nasa. Nawa ai yana cikin faifai, ko an faɗa ko ba a faɗa ba, mai kunne ya ji, ga shi har daga bayan teku. Nasa fa? In ba a rubuta ba, wa zai ji?"

Taubashina ya buɗe baki. "Mma, mutane za su..."

"Mutanen da suka yi magana, ubanka ya riga ya amsa musu kana goye a bayansa."

 Ta dubi malamin.

"Malam, ka rubuta. Ni na kaɗa. Shi ya tsare ƙofa. Kowa a ba shi nasa."

A ranar malamin ya kira Ostireliya aka tsayar da bugun. Ya gaya mini Baturen ya ce ya shekara da shekaru yana sauraron wannan hannu, yana zana wa kansa wani ƙaton mutum mai gemu.

Aikin da ya biyo baya shi ne mafi daɗin aikin takarda da na taɓa yi. Ni da malamin muka ɗauki maganganun da ya naɗa muka koma Krofrom, muka zaunar da mai ganga, muka bi kowane "ya" muna tambaya. "Masta ya kai mu Tamale cikin ruwan sama." Wane Masta? Na gareji. "Masta ya jefe ni da takalmi." Wannan ba sai mun tambaya ba. "Masta ya sayo mini sabuwar fatar ganga." Tsohon ya yi tunani ya ce na kiɗa ne ya ce a saya, na gareji ne ya je. Ya gaji da mu har ya ce in muka sake ce masa "wanne" zai koma ƙasar Dagomba da ƙafa. Akwai guda da ta tsaya mana: "Ranar da muka watse, Masta ya yi kuka." Na ce, "Baba, wannan fa?" Ya share fuska da tafin hannu ya ce, "Wannan kam ka rubuta duka biyu."

Abu ɗaya na nema ban samu ba. Na so a sa hotonta kusa da na mijin. Ta ƙi, ta kafe, ta ce Hajiya ba ta hawa bangon faifai. Na kawo hujjoji, ta sake tambayata ko na ci abinci, na gane an rufe wannan babi. Hoton mijin shi kaɗai ya fita, amma da gaskiyar bayaninsa a ƙasa, kuma a shafin farko jimlar ta zama "ita ce ta kafa". Sunayen makaɗan duka suka fito, ba wanda aka kira yaron wani.

Da faya-fayan suka iso muka taru a tsakar gidanta aka kunna. Ta rufe ido, yatsunta na motsi a kan gwiwa. Ana tsakiyar wata waƙa ta buɗe ido ta nuna mai ganga, wanda a lokacin da sanda yake tafiya.

"Ka ji ko? Nan kake gudu. Kullum nan kake gudu."

"Wallahi jama'a," in ji shi yana dariya da hawaye, "har yau bai yafe mini ba!"

Taubashina bai zo wannan zama ba. Ya aiko an karɓar masa faifai guda, ban sani ba ko ya taɓa saurara. Ya cika maganarsa: ya daɗe yana gaishe ni da cikakken ladabi, "Malam, ina wuni, ya iyali", kuma ina shaida muku zagi bai kai wannan ciwo ba. Sai bayan rasuwar gwaggo wasan ya fara dawowa, kaɗan-kaɗan, bai kuma koma yadda yake a da ba. Har yau bai ce na yi daidai ba, ni ma ban ce na yi kuskure ba. Na biya wannan farashi ina sane, kuma da za a maimaita zan sake biya.

Mutane suna ɗauka raina Hausar zango nake yi. Ba haka ba ne. Ita ta haɗa mu, kuma a tsakar gida ba ta taɓa ɓatar da kowa ba: in aka ce "shi", ga wadda ake nufi nan zaune tana tsintar wake, kowa na ganinta. Takarda kuwa ba ta da tsakar gida. Ranar da masu gani suka ƙare, harafin ne kaɗai zai rage, kuma abin da ya ce shi jikokinmu za su rantse a kai. Na je neman haƙƙin mutum ɗaya, gwaggo ta nuna mini cewa na mutum biyu ne aka danne, domin in aka ɗora wa mutum aikin wani, nasa ne ake fara saukewa.

Abin da ya hana ni sakewa tun daga lokacin shi ne wannan: gwaggo ta yi sa'a tana raye aka yi kuskuren. Ban san mata nawa ne ke kwance a ƙarƙashin "ya" a tarihin zangon nan ba. Saboda haka na mai da shi aikin ritayata. Ina bin ragowar dattawa gida-gida, duk wanda ya ce mini wane "ya fara" ko "ya gina", sai in tsayar da shi in tambaya. Wasu suna dariya, wasu suna cewa a gaya mini suna barci. Kwanan baya na zauna da wani tsoho a layinmu, na tambaye shi game da attajirin nan da tun muna yara ake cewa shi ya gina mana makarantar allo. Ya ce wane attajiri? Mai koko ne, na bakin masallaci, wanda mijinshi ya rasu a hanyar Salaga.

Gobe zan je neman jikokinta.